Awa ɗaya kawai muke roƙo: mata, girki da alƙalami a Yamai

Yau maganar ta gida ce, ta mu mata masu son rubutu.

Ku duba yadda yini yake tafiya a gidaje da yawa, daga Boukoki zuwa Talladje. Mace ta tashi da asuba, ta ɗora karin kumallo, ta shirya yara zuwa lakwal, ta yi cefane a Katako ko Wadata, ta wuce wurin aiki in tana da shi. Ta dawo ga tukunya, ga wanki, ga baƙi. Sai dare ya raba za ta jawo kaye da bik, ko ta buɗe salula ta rubuta layi uku, in wuta ba ta ɗauke ba. A nan ne za a leƙo a ce: "Ke dai kullum kina kan waya." Tuwon da ta tuƙa ba a ce sannu ba, rubutun kuma an mai da shi wasa.

To wallahi ba wasa ba ne, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usman Ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, matar aure ce mai 'ya'ya, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru masu kai ilimi ga matan ƙauyuka. Mu da muka yi makarantar Faransanci mun karanta Une si longue lettre na Mariama Bâ ta Senegal, wanda ya fito a 1979. Uwar 'ya'ya tara ce ta rubuta shi. A Kano, an cire Balaraba Ramat Yakubu daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, amma ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda aka fassara zuwa Turanci a 2012.

Sai dai a kula. Idan aka kawo waɗannan sunaye, wasu cewa suke: "Ai ga shi nan, su sun iya, ku ma ku daure." Ba nan darasin yake ba. Tambayar ita ce: littattafai nawa suka mutu a bakin murhu saboda mai su ba ta samu lokaci ba? Tun 2016 BBC Hausa ke shirya gasar Hikayata ta mata zalla. Labari ba ya rubuta kansa, sai an zauna, an goge, an sake. Wadda ba ta da awa ɗaya tata ta kanta, yaushe za ta shiga? Kuma hasarar ba tata ba ce ita kaɗai. Abin da ke faruwa a ɗakin haihuwa, a gidan kishiya, a layin famfo, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba mu rubuta ba, wasu za su rubuta mu yadda suka ga dama.

Ba cewa muke mun ƙi aikin gida ba. Muna son iyalinmu, muna neman lada. Abin da muke nema kaɗan ne. Maigida, ka ba ta awa ɗaya a rana wadda ba a kiran sunanta, ka riƙe yara, ai naka ne. Ka karanta abin da ta rubuta kafin ka yi masa dariya. Yaba kyauta tukwici. Iyaye mata, mu koya wa yara maza shara da wanke-wanke, kada komai ya tsaya kan 'ya mace har ta rasa lokacin karatu. Mu kuma 'yan rediyo mu daina jiran ranar biki kafin mu tuna da marubuta mata. Minti goma sha biyar a mako na karanta gajeren labarin wata 'yar Yamai ko Maradi ko Damagaram, da Hausa ko Zabarmanci, bai fi ƙarfin kowace tasha ba.

Ranar 13 ga Mayu 1991 matan Nijar sun fito kan titunan Yamai suna neman a ba su kujeru a shirin babban taron ƙasa, shi ya sa muke bikin ranar duk shekara. Sun nemi wuri a zauren taro. Mu yau wuri muke nema a cikin gida: tabarma, fitila, da ɗan shiru.

'Yar uwa mai ɓoye kaye a ƙarƙashin katifa, kada ki yaga shi. Maza kuma muna jiran amsarku: wa zai fara ba da awar nan? Allah ya sa mu dace.