Shugaban rukuni, ka san wa ya iya me?

Duk lokacin da malami ya raba mu rukuni-rukuni don aikin jinga, abin da yawancin shugabanninmu ke fara yi shi ne raba aiki daidai wa daida: kowa shafi biyu, kowa minti uku a gaban allo. Wai adalci ke nan. Ranar gabatarwa sai ka ga wanda jikinsa ke rawa idan ya ga jama'a yana ta inda-inda, ita kuma wadda ta fi kowa iya bayani an tura ta shagon kwamfuta buga takardu. Makin da za a ba da kuwa na kowa da kowa ne.

Mu da muke cika gidajen kallon ƙwallo bai kamata wannan ya shige mana duhu ba, domin mun ga abin da Leicester City ta yi a Ingila. A kakar 2014/15 da ƙyar ta tsira daga faɗawa rukuni na ƙasa. Claudio Ranieri ya karɓe ta a watan Yulin 2015, kakar da ta biyo baya kuma ta ɗauki kofin Firimiya da maki 81, wasa uku kacal aka ci ta.

Ranieri bai ce sai yaransa sun yi irin wasan Barcelona ba. Masu tsaron bayansa, Wes Morgan da Robert Huth, ƙarti ne masu ƙarfi a sama, amma ba su da gudu. Sai ya ajiye su kusa da raga, inda ba wanda zai tilasta musu tsere. N'Golo Kanté ba ya gajiya wajen ƙwato ƙwallo, aka bar masa tsakiya. Jamie Vardy, wanda har 2012 a ƙananan ƙungiyoyi yake wasa, gudu ne makaminsa, don haka da an ƙwace sai a cilla masa gaba. Ya ci ƙwallo 24 a gasar, har ya jera wasa 11 yana ci. Leicester na cikin waɗanda suka fi ƙarancin riƙe ƙwallo a kakar, hakan kuma bai dame su ba. Rashin gudun Huth yana nan har aka gama, tsarin ne ya rufa masa asiri.

A ƙungiyoyinmu na ɗalibai abin da muka fi ƙwarewa a kai shi ne lissafin aibi. Wane ba ya magana a taro, wance ta cika surutu. Alhali shi mai shirun wataƙila shi ne zai riƙe littafin kuɗi ko kwabo bai ɓata ba, mai surutun kuma ita za ta shiga ofis ta fito mana da izinin ɗakin taro. Sai dai sanin wannan yana buƙatar shugaba ya zauna da mutanensa ya tambaye su, ya kuma lura da aikin da suke yi da daɗin rai ba tare da an matsa ba. Wanda bai san sunan rabin mambobinsa ba, ina zai san baiwarsu?

Kada a ɗauka muna neman wa malalata mafaka. Wanda ba ya zuwa taro, ko ya karɓi aiki ya kashe waya, ba rashin baiwa ke damunsa ba, kuma dole a faɗa masa gaskiya. Akwai kuma bambanci tsakaninmu da Leicester: su kofi suke nema, mu koyo ya kawo mu. Mai jin kunyar jama'a ba za a ɓoye shi har ya kammala digiri ba, tunda wata rana shi kaɗai zai tsaya ya kāre kundin bincikensa. A ba shi babban aikin inda ya fi ƙarfi, sannan a ba shi minti ɗaya a gaban aji, a sashen da shi ya rubuta da hannunsa.