Wayar da ke kan mangwaron gidanmu ba laifi ba ce

Yau raina a ɗan ɓace yake, kuma ba da kowa nake ba sai da mu kanmu, wato mu Hausawan Kafanchan da kewaye. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, amma sai na faɗa.

Makon jiya kawuna ya biyo ta gidanmu daga kasuwa, sai ya hangi wata siririyar waya da na ɗaura daga reshen mangwaro zuwa wata gora a bakin zaure. Ya ce, "Kai yaro, wannan fa? Shanya ce?" Na ce, "A'a Kawu, eriya ce, ta wani ɗan rediyo da na haɗa." Ya ce, "Mai kamawa ko mai turawa?" Na ce, "Yana yin duka biyun, amma ni saurare kawai nake yi." Nan take fuskarsa ta canza. Ya ce, "Sauke ta yanzu. Mu da har gobe ake kira baƙi, mu ne za mu kafa oba-oba a tsakar gida? In ka matsu, ka yi abinka a ɗaka, kada kowa ya gani."

Na sauke, domin ba a musu da babba a tsaye. Kuma ban ce tsoronsa ba shi da tushe ba. Mutumin da ya ga rikicin watan Maris na 1987, ya kuma ga yadda kasuwar Kafanchan ta ƙone a watan Afrilun 2011, dole ya yi kaffa-kaffa, don wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma shawarar nan ta "yi a ɓoye" ita ce mafi haɗari a duk abin da ya faɗa, kuma ita na zo in yaƙa.

Bari in fara da bayanin abin, domin yawancin masu tsoronsa ba su taɓa ganinsa ba. Mu Hausawa ba baƙin gajeren zango ba ne. Tun 1957 iyayenmu ke murɗa akwati suna neman Sashen Hausa na BBC, kowa ya san mita 41 da mita 49. To a maƙwabtan mita 41 ɗin nan akwai wani fili, mita 40, daga megahaz 7.0 zuwa 7.2, wanda dokar duniya ta ware wa masu rediyon sha'awa. Su waɗannan mutane ne masu lasisi da ke haɗa na'urorinsu, suna magana da junansu don koyo, ba don kuɗi ba. Suna da ƙungiya ta duniya, IARU, da aka kafa a Paris a 1925, kuma a nan gida akwai Nigeria Amateur Radio Society. Kowane ɗayansu yana da lambar kira. Ta 'yan Najeriya tana farawa da 5N. Sarki Husaini na Jodan, lambarsa JY1 ce, Rajiv Gandhi na Indiya kuma VU2RG. A cikinsu akwai masu aiki da ƙaramin ƙarfi, wat 5 ko ƙasa da haka, ana kiran salon nasu QRP. Nawa ɗan rediyon, wanda ake kira Pixie, ko wat ɗaya bai kai ba, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, kuma da harshen Mos kawai yake magana, wato ɗigo da ja.

Yanzu ku duba ƙa'idojin harkar, ku gaya mani inda ɓarawon daji zai shiga. Dole ka riƙa faɗin lambar kiranka a iska, lambar da hukuma ta rubuta da sunanka da adireshinka. An hana ka sakaya magana don kada wani ya gane. Duk mai akwatin da ke kama zangon zai ji ka, har da jami'an tsaro. An hana ciniki, wato ko farashin citta a Kachia ba za ka tambaya don kasuwancinka ba. Siyasa da gardamar addini kuwa, al'adar masu abin ita ce a bar su a waje. Jama'a, wayar salular da ke aljihun kowa ta fi wannan sirri sau dubu, kuma ita ce ke yaɗa jita-jitar da ke tayar mana da hankali, amma ba wanda ya ce a jefar da ita a rijiya.

Saboda haka abin da ke kare mai wannan rediyo shi ne kowa ya san yana yi. Ranar da na mayar da shi ƙarƙashin gado, na rufe taga, ranar ce na zama abin zargi na gaskiya. A ce wani yaro ya leƙo ya gan ni da abin ji a kunne ina ƙwanƙwasa maɓalli da tsakar dare, me kuke jin za a faɗa a gari kafin azahar? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni ba ni da kaza a aljihu, don me za a ce in yi tafiya irin ta mai ita?

Sai kashi na biyu, su abokaina na majalisa, masu cewa, "Wat ɗaya? Ko ƙwan fitila ya fi shi. Wasan yara ne." Rashin sani ya fi dare duhu. Oba-obar da kuka sani, siginarta a miƙe take tafiya, dutsen Kagoro ma ya isa ya tare ta. Amma gajeren zango sama yake hawa, ya bugi wani rufi na iska mai caji da ke can ƙololuwa, ya dawo ƙasa. In ka ɗaura eriyar mita 40 ƙasa-ƙasa, siginar takan tashi kusan tsaye ta zubo a kewayen ɗaruruwan kilomita, ba ruwanta da dutse. Kuma tsakanin wat 5 da wat 100, ko da yake ninki ashirin ne, a ma'aunin mai saurare mai hawa tara bambancin bai fi hawa biyu da ɗan wani abu ba. Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, ya fito da tsarin WSPR a 2008, kuma da shi ake jin sigina mai ƙasa da wat ɗaya a wata nahiyar. Wannan ne wasan yaran?

Amfaninsa ma an gani. Da igiyar ruwa ta afka wa tsibiran Andaman a Disamban 2004, wata mata 'yar Indiya, Bharathi Prasad, da tawagarta suna can da rediyonsu, su suka zama hanyar saƙo da layuka suka mutu. Haka aka yi a girgizar ƙasar Nepal ta 2015. Mu ma a jihar nan mun ga yadda aka rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomi daga ƙarshen Satumban 2021 har kusan wata biyu. Ban ce a yi amfani da rediyo a kauce wa umurnin hukuma ba, mai lasisi shi ne farkon mai bin umurni. Abin da nake cewa shi ne mun ga yadda duk sadarwarmu ke rataye da hasumiyar da ba mu muka kafa ba, ba kuma mu san yadda take aiki ba.

A nan ne abin ya fi yi mani ciwo. Mu 'ya'yan 'yan kasuwa ne. Rediyo, caja, batir, tocila, duk muna sayarwa. Amma mu nawa ne suka taɓa kwance murfin abin da suke sayarwa? Da abu ya ƙi aiki, sai mu ce "jabu ne," mu wurgar. Ni ma haka na kusa yi. Da na gama haɗa nawa na sa batir, shiru kake ji. Kwana uku ina tsine wa wanda ya sayar mani. Wani mai gyaran rediyo a unguwarmu, dattijo ne Kirista da ya daɗe a sana'ar, shi ya ce, "Ɗana, ka auna kafin ka zagi mutane." Ya ara mani mita. Ashe ni ne na soke ɗan guntun da ke ƙara sauti, LM386, kai a ƙasa. Akwai ɗan tsagi a gefe ɗaya da ke nuna inda ƙafa ta farko take, ban kula ba. Laifina ne ɗari bisa ɗari.

Ga abin da na koya tun daga ranar, ga wanda zai gwada. Ka fara da wuta: auna batir, ka tabbata ba ka juya ja da baƙi ba, sannan ka bi da mita ka ga ko wutar ta isa ƙafar kowane guntu. Na biyu, ka kai allon hasken rana ka duba kowane ɗigon dalma. Mai kyau yana kwanciya sumul ya rungumi ƙafar, wanda bai narke sosai ba kuwa yakan dunƙule kamar ƙwallo, a ido ya kama amma wuta ba ta wucewa. Ka duba kuma ko dalma ta haɗe ƙafafu biyu da bai kamata su haɗu ba. Na uku, duk abin da ke da gaba da baya, diyod, taransisto, kafasito mai doguwar ƙafa, ka gwada shi da zanen. Na huɗu, in naka irin wanda ake naɗa waya a zobe ne, ka sani wayar tana da fenti mai hana wuta wucewa. In ba ka kankare bakinta ko ka ƙone fentin ba, ko ka zuba dalma cokali guda ba za ta kama ba, kuma wannan na cikin kurakuran da sababbin shiga suka fi yi.

Na biyar, kada ka taɓa danna maɓallin turawa babu komai a bakin eriya, taransiston ƙarshe zai iya ƙonewa. Ka haɗa rasista biyu masu om 100 gefe da gefe, su ba ka om 50, ka sa a madadin eriya. Wannan eriyar ƙarya ce, tana shanye siginar ta zama zafi. Da ita nake gwajin turawa, tunda ban karɓi lasisi ba tukuna. Na shida, tsawon eriya lissafi ne: raba 143 da megahaz ɗinka. A mita 40 zai ba ka kamar mita 20 da 'yan kai, wato mita goma da ɗan ƙari kowane ɓangare. Na bakwai, in kana jin ƙara kamar ana suya, kashe janareto da inbata da cajar waya da ƙwan fitila na zamani ɗaya bayan ɗaya, za ka kama mai laifin. In kuma tashar labarai ce ke kutso maka da daddare, wannan raunin Pixie ne, matatarsa ba ta da ƙarfi, ba lalacewa ya yi ba. Na ƙarshe, kun san damina da tsawar garin nan. Da ka ga hadari, cire eriya daga jikin na'ura ka fitar da bakin wayar waje.

Duk wannan ba digiri yake buƙata ba, ni sakandare na tsaya. Ashhar Farhan na Hyderabad ya tsara rediyon BITX ne musamman don wanda ba shi da kuɗi ya haɗa da tarkacen da zai samu a kasuwar garinsu. Hans Summers ya fito da QCX a 2017, mai wat 5, a kan dala 49 a lokacin. Kuma kada wani ya ce Kafanchan ba wurin irin wannan ba ne. Gidauniyar Fantsuam, a nan Bayan Loko, ta kafa Zittnet ta raba intanet ta iska tun lokacin da yawancinmu ba mu taɓa riƙe kwamfuta ba. Garin da ya tashi a kan mahaɗar layin dogo bai kamata ya ji tsoron waya da sigina ba.

Ban manta da ku ba, samarinmu masu sayen oba-oba a kasuwa kuna ta surutu a zangon da ba ku san na wane ne ba, babu lasisi babu lamba. Ku ne kuke ba tsoron Kawu hujja. Wannan karya doka ne, kuma in aka kama ɗayanku ba sunansa za a kira ba, sunan unguwarmu za a kira. Ku daina.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Mu samu mutum biyar ko goma, kuma kada su zama Hausawa zalla. A samu Bajju, a samu Fantswam, Kaninkon, mutanen Kagoro, Ibo, duk mai sha'awa. Mu je wurin mai unguwa, mu je ofishin 'yan sanda da kayanmu a hannu mu ce ga abin da muke koyo. Mu tuntuɓi ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta ƙasa, mu nemi lasisi daga hukumomin sadarwa na tarayya ta hanyar da doka ta tsara. Mu nemi wata makarantar sakandare ta ba mu aji ɗaya ranar Asabar, ƙofa a buɗe, a kafa eriyar a tsakiyar fili inda mai wucewa zai tsaya ya tambaya. Ranar 18 ga Afrilu ce ranar masu rediyon sha'awa ta duniya, ina fata kafin ta zagayo mun fara.

Kawu, Allah Ya ƙara maka lafiya. Na bi maganarka na sauke wayar, tana nan a naɗe a ɗaki. Amma ina neman izini in zo shago bayan la'asar da na'urar da takardunta, ka sa abin ji a kunnenka ka ji da kanka. In ka yarda, kai nake so ka raka ni wurin mai unguwa.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, amin. Wassalam.