Kada ka yar da tsohuwar kwamfuta, amma kada ka taɓa BIOS ana gobe kare furojet

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan injiniyarin da kwamfuta sayans, ku ɗan ba ni minti biyu.

Hutun da ya wuce na dawo gida Suleja da HP Z420 'yar gwanjo. Tun 2012 aka fito da irinta, amma da Xeon ɗinta har yau tana jan AutoCAD ba tare da kuka ba. Matsalarta ɗaya: BIOS ɗinta bai san NVMe ba. Za ka sa SSD ɗin a adafta ta PCIe, Windows ta gan shi, amma kwamfutar ba za ta tashi daga kansa ba.

Gyaran da masu harkar ke yi shi ne a kwafo BIOS ɗin, a buɗe shi da UEFITool, a cusa masa ɗan fayil mai suna NvmExpressDxe, sannan a mayar. Ni ma na ce bari in gwada. Ina tsakiyar mayarwa aka ɗauke wuta. Wallahi da na danna maɓalli, fanka kawai ke juyawa, allo baƙi ƙirin. Babi uku na furojet ɗina suna ciki, kuɗin kuma na adashin Umma ne.

Abin da ya cece ni: na riga na ajiye kwafin BIOS na asali a filash. Wani mai gyara ya sa 'yar na'urar CH341A ya rubuta shi kai tsaye a kan guntun. Kwana huɗu ban yi barcin kirki ba.

Duk da haka ban yarda da masu cewa "kawai ka sayi sabuwa" ba. Da wane kuɗin? Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0. Idan muka bi nasu, injina masu rai za su koma bola. Gara mu koyi cikinsu, ai abin da ya kai mu makaranta ke nan.

Sai dai a bi a hankali. SSD na SATA yana ba da wajen 550MB a daƙiƙa, ya ishi yawancinmu, ba sai an taɓa BIOS ba. In NVMe kake so dole, sa Clover a filash ta tayar maka da shi. In kuma ka nace sai ka gyara BIOS, kwafi na asali tukuna, haɗa da UPS, ka kwashe furojet ɗinka zuwa wani wuri.

Wanda ya taɓa yi a kan Dell OptiPlex ya faɗa mana yadda ta kaya. Allah Ya ba mu sa'ar kammalawa.