An Ce Ka Warke, Amma Kai Bai Dawo Daidai Ba

Shekara biyu da suka wuce na yi fama da ciwon damuwa, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na ga likita, na sha magani, alhamdu lillahi barci ya dawo, abinci ya fara shiga. Kowa ya ce na warke. Ni ma haka na zata, sai da na koma ofis.

Takardar da nake gamawa cikin minti goma a da, sai in karanta ta sau uku ban riƙe komai ba. Darakta zai ba da umarni uku a mitin, kafin in kai teburina biyu sun ɓace. Shekara 18 ina aiki ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ba, sai ga shi ana raɗe-raɗin wai na zama malalaci.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, ciwon nan ba zuciya kaɗai yake taɓawa ba. Yana taɓa natsuwa, riƙe abu a ka, da tsara aiki. Mutane da yawa ƙuncin yakan tafi ya bar musu wannan raunin.

Wata masaniyar halayyar ɗan'adam ce ta ɗora ni a kan atisayen ƙwaƙwalwa na kwamfuta. Lambobi za su fito su ɓace, ka maimaita su daga ƙarshe zuwa farko. Ko a rubuta "ja" da koren launi, a ce launin za ka zaɓa, ba kalmar ba. In ka ci, a ƙara wahala. In ka faɗi, a sassauta. Rabin awa, sau uku a mako, na kusan wata biyu. Na ga canji, amma tsakani da Allah ba kwamfutar kaɗai ba ce. Bayan kowane zama sai ta tambaye ni yadda zan yi amfani da shi a ofis: fayil ɗaya a lokaci ɗaya, in rubuta umarni nan take, in kife waya in ina karatu.

Na faɗi haka ne don kada wani ya ruga ya sauke manhaja ya ajiye maganinsa. A 2010 an yi wani gwaji a Ingila tare da BBC kan mutum sama da 11,000 masu lafiya: sun ƙware a wasannin da suka yi ta yi, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa sauran ayyukan tunani ba. A 2016 kuma hukuma a Amurka ta sa kamfanin Lumosity biyan dala miliyan 2 saboda zuzuta amfanin wasanninsa a talla. Atisayen nan ƙari ne a kan magani da ganin likita, kuma ya fi amfani in akwai mai lura da kai.

Duk da haka ina ganin muna bukatarsa. Mun haura mutum miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa kuwa 'yan ɗaruruwa ne. Me zai hana asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri su samu irin wannan atisaye da Hausa, wanda ba ya cin data, ma'aikacin jinya yana bibiya?

Sai ku shugabanni a ofisoshi. Tun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba za ta shigo ofis ta koya mana haƙuri ba. Wanda ya karye a ƙafa ba a sa shi gudu ranar da aka kwance ɗori. In ma'aikacinka ya dawo daga wannan jinya, rage masa kaya na ɗan lokaci kafin ka ɗauko biro.

Kai kuma da kake cikin halin nan, gaya wa likitanka maganar mantuwar. Ni sai da na ɓata wata huɗu ina ɓoyewa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.