Filin Wasanni: Takatsu, Mai Jifa A Hankali

A wannan wata za mu ɗan ajiye ƙwallon ƙafa mu leƙa ƙasar Japan, inda wasan besbol yake da farin jini ƙwarai. Ga wanda bai san wasan ba, mutum ɗaya ne yake jefa ƙwallo, wani kuma daga ɗaya ɓangaren yana riƙe da sanda yana ƙoƙarin make ta. Zagaye tara ake yi. Wanda ya fara jifa ba safai yake kaiwa ƙarshe ba, domin hannu yana gajiya, sai a kawo masu karɓarsa. Na ƙarshensu shi ne mai rufe wasa. Ana kiransa ne idan ƙungiyarsa tana gaba da ɗan rinjaye kaɗan. In ya tsare nasarar a rubuta masa, in ya bari ta kuɓuce kuwa, duk wahalar da 'yan'uwansa suka sha tun farko ta tafi a banza.

Wannan aiki ne Shingo Takatsu ya shahara da shi. An haife shi a Hiroshima a 1968, ya fara wasa a ƙungiyar Yakult Swallows ta birnin Tokyo a 1991. Ta gefe yake jifa, kuma ƙwallonsa ba ta da gudun da za ta tsorata kowa. A 1992 Yakult ta sha kashi a hannun Seibu Lions a gasar ƙarshe ta Japan, inda wani mai jifa na Seibu, Tetsuya Shiozaki, ya hana su sakat da wata ƙwallo mai tafiya a hankali wadda take nutsewa ƙasa dab da mai sanda. Sai kocin Yakult, Katsuya Nomura, ya ce wa Takatsu ya je ya koyi irinta.

Dabarar ita ce hannu ya fita da ƙarfi kamar za a jefa ƙwallo mai gudu, amma ita ƙwallon ta zo tana jan ƙafa. Mai sanda ya riga ya kai duka, ita kuwa ba ta iso ba tukuna. Mu da muke aikin koyarwa mun san irin wannan malami ba shi da yawa. Galibinmu za mu matsa wa yaro ya ƙara abin da Allah bai ba shi ba. Nomura kuwa ya duba abin da ake gani kasawa ce a wurin yaron, ya mayar masa da ita makami.

A 1993 Yakult ta rama, ta ci Seibu. Ta sake ɗaukar kofin a 1995 da 1997 da 2001, kuma duk sau huɗun Takatsu ne ya jefa ƙwallon ƙarshe. Ba a taɓa cin sa ko maki ɗaya ba a wasannin gasar ƙarshe. Sau 286 ya tsare nasara a Japan, kuma babu wanda ya wuce shi sai a 2011, lokacin da Hitoki Iwase ya sha gabansa.

A 2004 ya tafi Amurka wurin Chicago White Sox ya tsare nasara 19. Shekara ta zagayo masu sanda suka gane shi, aka sallame shi a tsakiyar kaka, ƙungiyar kuma ta ci kofi a wannan shekara ta 2005 ba ya nan. Ya koma Yakult, ta sallame shi bayan 2007. Bai zauna ba: Koriya ta Kudu a 2008, Taiwan a 2010, sa'an nan wata ƙaramar ƙungiya a Niigata, inda ya haɗa wasa da horarwa a 2012, ya ci musu kofi, ya ajiye ƙwallo yana da shekara 43.

Yakult ta ɗauke shi kocin masu jifa a 2014, ya riƙe ƙungiyar matasa daga 2017, ya zama babban koci a 2020, shekarar da Nomura ya rasu. A wannan shekara su ne na ƙarshe. A 2021 suka ɗauki kofin Japan bayan sun doke Orix Buffaloes wasa 4 da 2. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya yi tattalin hannun yaransa. Matashi Yasunobu Okugawa, alal misali, sai ya huta kamar kwana goma kafin a sake sa shi jifa. Wanda aka sha sallama ya san cewa ƙungiya tana iya sayen wani hannu gobe, shi mai hannun kuwa ɗaya gare shi.

Sun sake cin rukuninsu a 2022, amma Orix ta rama a gasar ƙarshe. Daga nan abubuwa suka lalace: na biyar a 2023, na biyar a 2024, na ƙarshe a 2025, ya sauka daga kujera. Masu suka za su ce lallashi ba ya cin kofi kullum, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ni dai a ganina ba lallashin ne ya kayar da shi ba, domin da shi ɗin ya ɗauko ƙungiyar daga ƙasa ya kai ta sama cikin shekara ɗaya. Tun a 2022 aka shigar da sunansa cikin zauren gwarzayen besbol na Japan.