Ra'ayinmu: Ƙa'idar Haya Ta Zauna Kan Gida, Ko Ɗan Haya Ya Tashi

A birnin Niyok na ƙasar Amurka akwai gidajen haya kimanin miliyan ɗaya waɗanda masu su ba su da ikon ƙara musu kuɗi yadda suka ga dama. Tun daga dokar 1969, wani kwamiti mai mutum 9 da magajin gari ke naɗawa shi ne yake yanke abin da za a ƙara a kowace shekara. Wannan kowa ya san shi. Rigimar da aka daɗe ana tafkawa a kan wani abu dabam take: idan ɗan haya ya kwashe kayansa ya bar gidan, shin ƙa'idar ta tafi tare da shi, ko kuwa tana nan tana jiran wanda zai shigo?

Shekaru da dama amsar da doka ta bayar ta fi karkata ga masu gidaje. A 1993 majalisar jihar ta yarda cewa duk gidan da hayarsa ta kai dala 2,000 a wata, da zarar ya zama babu kowa a ciki, ya fita daga ƙarƙashin ƙa'ida ke nan har abada. A 1997 kuma aka ba mai gida damar ƙara har kashi 20 cikin 100 duk lokacin da aka yi canjin ɗan haya. Bayan wannan akwai ƙofa ta uku, wato kuɗin gyara, inda mai gida kan ɗora kashi ɗaya cikin 40 na abin da ya ce ya kashe a kan hayar kowane wata. Mu ɗauki gidan dala 1,500: fitar ɗan haya kaɗai ta mai da shi 1,800, in kuma aka ce an kashe 8,000 wajen gyara, ga shi ya cika 2,000 cif.

To, jama'a, wanda aka nuna wa cewa arzikinsa yana cikin tashin ɗan hayarsa, me ake jin zai yi? Alal haƙiƙa abin da ya biyo baya bai ba kowa mamaki ba. Tsohuwar da ta shekara talatin a ɗakinta ta zama ƙarfen ƙafa ga mai gida, sai a bar rufi yana yoyo, a hana ɗumama gida a tsakiyar hunturu, a dame ta da sammacin kotu, ko a yi ta lallashinta da 'yan kuɗi don ta tashi. Ta wannan hanya gidaje fiye da dubu ɗari suka sulale daga hannun masu ƙaramin ƙarfi.

A watan Yunin 2019 Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu a dokar da ta toshe waɗannan ƙofofi. An soke ƙarin kashi 20, an soke fitar da gida daga ƙa'ida saboda tsadar hayarsa, kuma an taƙaita kuɗin gyaran da za a iya ɗora wa ɗan haya zuwa dala 15,000 a cikin shekara 15. Ƙungiyoyin masu gidaje sun kai ƙara suna cewa an ƙwace musu dukiya, amma a 2023 da 2024 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙararsu.

Muna ganin wannan doka ta yi daidai. Ƙa'idar da ke mutuwa da fitar ɗan haya kariya ce ta mutum ɗaya na ɗan lokaci, ga shi kuma tana kwaɗaita wa mai gida korar mutumin nan da aka ce ana karewa. Wanda ke son ganin ɗaya ɓangaren sai ya dubi jihar Kaliforniya, inda dokar Costa-Hawkins ta 1995 ta hana birane ƙayyade haya bayan ɗan haya ya fita; sau uku, a 2018 da 2020 da 2024, aka nemi masu jefa ƙuri'a su sassauta ta ko su soke ta, sau uku suka ƙi.

Sai dai adalci bai yarda mu toshe kunne daga kukan masu gidaje baki ɗaya ba. Gidan da mutum ɗaya ya zauna cikinsa shekara arba'in yana buƙatar sabuwar wayar lantarki da famfo da kankare tsohon fenti mai gubar dalma, kuma dala 15,000 ba ta isa wannan aiki a birni irin Niyok. Saboda haka wasu suka gwammace su kulle gidajen, alhali binciken 2023 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 ne kacal na gidajen hayar birnin ke kasuwa, abin da ba a gani ba tun 1968. A 2024 majalisar jihar ta ɗaga iyakar zuwa 30,000, har 50,000 ga wasu gidajen da aka daɗe a cikinsu.

Wannan gyara ba mu ƙi shi ba, matuƙar mai gida zai kawo rasit, jami'an hukuma kuma su je su gani da idonsu, domin a da can ƙaryar kuɗin gyara ce ta fi komai ɓarna. Abin da ba za mu goyi bayansa ba shi ne a fake da gidajen da ke kulle a dawo da ƙarin da mai gida ke samu don kawai ɗan haya ya tashi, ba tare da ya buga ƙusa ko ɗaya ba.