Jidda Ta Gayyaci Duniya, Amma Masaukin Baƙi Bai Isa Ba

Bayan haka, duk wanda ya taɓa sauka Jidda a kan hanyarsa ta zuwa Ɗakin Allah ya san zango ce, ba mazauni ba. Tun da Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah ya yarda da shi, ya mai da ita tashar jiragen ruwa ta Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, aikinta shi ne ta karɓi baƙo daga Bahar Maliya, ta ba shi ruwa, ta miƙa shi gaba. Alhazai suna tune da manyan rumfunan nan masu kama da tanti da aka buɗe a filin jirgin sama cikin 1981, inda mutum kan shimfiɗa darduma ya kwana yana jiran mota. Wanda zuciyarsa ta riga ta isa Makka ba ya tambayar laushin katifa.

To, yanzu al'amari ya sake. Cikin 2016 hukumar Saudiyya ta fito da shirinta na rage dogara ga man fetur kafin 2030, cikin Satumba 2019 kuma ta fara ba da izinin shiga ga masu yawon buɗe ido. Daga nan sai taro ya bi taro. Aka yi tseren motoci na Formula 1 a bakin teku cikin Disamba 2021, aka yi gasar ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na duniya cikin Disamba 2023, ga kuma masu zuwa kallon tsohon gari, watau Balad, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 2014. Wannan sabon baƙo dabam yake da alhaji. Ya biya kuɗinsa domin jin daɗi, yana son ɗaki mai sanyi, ruwa mai gudu, tsabta, da ma'aikacin da ya san aikinsa.

A nan wahalar take. Wuraren kwana ba su ƙare a Jidda ba, gama akwai gidajen haya masu kayan ɗaki da ƙananan otal birjik. Nagarin ne ba su da yawa, sai ran babban taro su cika, kuɗin ɗaki ya hau. Makka kuwa, da ta fi kowane gari na ƙasar yawan otal, tafiyar ƙasa da sa'a guda ce a jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe cikin 2018, amma ba ta iya rage wa Jidda kaya sosai, domin wanda ba Musulmi ba ba shi da izinin shigarta.

Gina babban otal ba aikin damina ɗaya ba ne. Shela kan fita cikin yini guda, ginin kuwa sai shekaru. Dubi dogon benen nan da aka yi niyya ya wuce mita 1,000, wanda aka shirya sa otal a cikinsa: an fara shi cikin 2013, aiki ya tsaya cikin 2018, bai sake tashi sosai ba sai 2025. Haka kuma aikin tsakiyar Jidda da Yarima Muhammadu ɗan Salman ya bayyana cikin Disamba 2021, na riyal biliyan 75, an ce zai kawo ɗakunan otal 2,700. Adadin yana da kyau a takarda, amma baƙon bana ba ya kwana cikin ɗakin baɗi.

Akwai kuma wani gefe da masu lissafi ba su cika ambatawa ba. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe unguwanni fiye da 60, irin su Karantina da Sabil da Gulail, inda talakawa da baƙi suke zaune, har da Takari, jikokin mutanen ƙasar Hausa da Barno da suka je hajji suka zauna. Lalle waɗansu unguwannin sun lalace, ba mai musun wannan. Amma a cikinsu ne mai ƙaramin ƙarfi kan sami ɗaki mai araha, ko ɗan'uwa da zai sauke shi. Da aka rushe su, kuɗin haya ya tashi a sauran gari.

Saboda haka giɓin da ya fi girma yana tsakiya. Attajirai sun fi son gina otal na alfarma a bakin teku, gama can riba take. Ɗaki mai tsabta mai matsakaicin kuɗi, irin wanda ɗan kasuwan Kano da ya zo sarin kaya, ko mai umara da iyalinsa, za su iya biya, shi ne aka bari baya, alhali hukuma da kanta ta ce tana son masu umara su kai miliyan 30 a shekara kafin 2030.

Jidda tana cikin garuruwan da aka zaɓa domin gasar ƙwallo ta duniya ta 2034, wannan da sauran lokaci. Gasar ƙasashen Asiya kuwa an ajiye ta Janairu zuwa farkon Fabrairu 2027, galibinta cikin watan Sha'aban, ta ƙare ana saura 'yan kwanaki a ga watan azumi, daidai lokacin da masu umara suke fara kwararowa ta filin jirgin Jidda.